Hannun Gwaggo Ba Ya Jin Wuta

Daga Allah muke, gare shi kuma za mu koma. Gwaggo dai ta riga mu tafiya. Ta cika da safe a ɗakinta na Wurno, aka kai ta makwancinta, kafin yamma gidan ya cika da mata har tabarmi suka ƙare aka koma shimfiɗa buhunan shinkafa. Wasu daga Dinawa suka zo, wasu daga ƙauyukan Rabah, wasu ban ma san daga ina suka ɓullo ba. Kusan kowacce magana ɗaya ce a bakinta: wannan baiwar Allah ce ta yi mini wankan jego. Wata ta ce ɗan da Gwaggo ta yi mata wankan haihuwarsa shi ne ya tuƙo motar da ta kawo su.

Ni kuwa ina zaune a bakin ƙofar ɗakin, inda duk mai shigowa za ta fara ganina. Da gangan na zaɓi wurin. Amma sai mace ta cire takalmi, ta waiga, ta tsallake ƙafata, ta nufi kusurwar da surukar Gwaggo take zaune da mayafi a fuska, ta durƙusa ta kama hannunta.

"Sannu da haƙuri, ɗiyata. Ke kam kin yi rashin uwa."

Sai sun miƙe za su tafi suke tunawa da ni, su ce, "Ke ma sannu. Allah shi jiƙan ta." Wata tsohuwa har ɗaga hannun surukar ta yi sama tana nuna wa jama'a, tana kuka tana cewa, "Ku diba, hannun marigayiya bai mutu ba, ga shi nan." Mata suka yi ta gyaɗa kai. Ni na sunkuyar da nawa kan, aka ɗauka kuka nake yi, kuma kukan nake yi, amma ba duka na mutuwa ba ne.

Gara in faɗa tun yanzu: kishi nake yi, kuma ban ga ranar dainawa ba. Gwaggo yayar babana ce. Ana yaye ni aka ɗauko ni daga Rabah aka aza mata a baya, ban san wata uwa ba sai ita. Sunan mahaifiyarta aka sa mini, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba, "Uwata" take ce mini. Ɗa ɗaya Allah ya bar mata, taubashina, wanda muka tashi muna faɗa a kan ƙanzo. Shi ne ya girma ya je ƙasar Goronyo ya auro 'yar masunta daga Taloka, siririya, mai magana ƙasa-ƙasa. Ni 'yar Taloka nake ce mata, ita kuma tana ce mini Yaya. Abin da na so a duniya shi ne in Gwaggo ta kau a ce ga wadda ta gaje ta, a nuna ni. To, an nuna, amma ba ni ba.

Duk wanda ya san Gwaggo da hannunta ya san ta. Hannu ne gajere, mai kauri, duk tabo. Tun ina ƙarama nake ganin tana sauke tukunya daga murhu ba tsumma, tana tsince garwashi da yatsun dama ta kai wa maƙwabciya kamar ta ɗauko goro. Mata suna cewa baiwa ce, wasu a bayan idonta su ce asiri ne ta gada daga kakarta. Ita ba ta taɓa cewa e ko a'a ba, sai dai ta yi murmushi, don Gwaggo, Allah ya gafarta mata, tana son a yi mamakinta.

Kalmarta ɗaya ce: "Tsaya in ji." Yaro ya ce kansa na ciwo, tsaya in ji, ta ɗora tafin hagu a goshinsa. An ce tuwo ya nuna, tsaya in ji. Ko labari aka kawo mata cewa wance ta yi yaji, sai ta ce tsaya in ji, ta gyara zama. In kuwa yaro ya buge goshi da turmi, ba ta tambayar wa ya tura shi. Kama shi take yi ta matse tsakanin gwiwoyinta, ta yi ta murza wurin da ƙarfi tana yi masa tsiya, har ya manta da kukan ya koma neman hanyar tsira.

Sana'arta wankan jego. Wanda ya tashi a ƙasarmu ya san yadda abin yake: a tafasa ruwa a babbar tukunya, a juye a baho, a sirka da na sanyi, a tsoma ganyen dogon yaro a riƙa fyaɗa wa mai haihuwa safe da yamma har a yi arba'in. Gwanintar duka tana wurin sirkawa. Ya yi sanyi, tsofaffi su ce ba a gasa yarinya ba, sanyi zai kama ta. Ya yi zafi, a sale wa 'yar mutane fata. Gwaggo kan naɗe hannun riga, ta zura hannun hagu har gwiwa, ta ɗan lumshe ido, ta ce, "Ya yi." In ta ce ya yi, babu mai ƙarawa babu mai ragewa.

Lokacin da 'yan bindiga suka tashi wasu ƙauyuka a ƙasar Rabah, mata suka kwararo Wurno, wasu da tsohon ciki, suka raɓe a kangaye da zaurukan mutane. Gwaggo ba ta jira a kira ta ba. Da itacenta take zuwa, da tukunyarta, da kanwar kunu a ƙulle a bakin zane. Wata ta haihu a kangon bayan gidanmu, ba miji ba uwa, tana ta ba da haƙuri wai ba ta da abin bayarwa. Gwaggo ta ce, "Wa ya tambaye ki? Juya min baya." Tsohuwar nan da ta ɗaga hannun 'yar Taloka ranar makoki, rakiyar wannan matar ta zo.

Ni fa hannun nan nake so tun ina yarinya. Ina gani ana mamakinta, na ƙudura sai an yi mamakina. Na fara da tsame ƙosai daga matsami yana tururi, na koma riƙe kwanon kunu ba faifai, ina cije leɓe har hawaye ya zubo. Da na yi aure a nan cikin gari na kama sana'ar gumi, wato turara shinkafa kafin a kai inji, kullum hannuna cikin tururi da bakin tukunya. A hankali fatar ta yi kanta, har na kai ina juya shinkafa mai zafi da tafi. Ranar da wata ta ce, "Kai, wagga hannun gwaggonta ta ɗauko," ban yi barcin rana ba don daɗi.

Abin ya juye ne a haihuwar fari ta 'yata. Na kawo ta gidan Gwaggo wanka, don wa zai yi wa jikarta in ba ita ba? 'Yar Taloka ce ke jido ruwa daga murhu, ni ina riƙe da jinjiri. Gwaggo ta sirka, ta zura hannu har gwiwa, ta lumshe ido ta ce ya yi, ta kama ganye za ta tsoma. Sai kawai 'yar Taloka ta saki bokiti ta cafke mata wuyan hannu.

"Inna, tsaya! Ruwan ga ya yi zahi."

Suruka ta kama hannun uwar miji, a gaban mutane, a kan sana'arta! Yarinyar da ko ido ba ta haɗawa da ita, ko abinci ba ta ci a gabanta. Na ce, "Ke, mi ke damunki? Yaushe kika zo garin ga da za ki koya ma Gwaggo ruwa?" Ba ta ko dube ni ba. Ɗigo ɗaya ne ya fallatsar mata a ƙafa lokacin juyewa, shi ya sa ta kai ido ga hannun Gwaggo. Ta ɗaga shi sama. Fatar ta yi jawur tun daga yatsu har gwiwa, tana tashi ƙuraje-ƙurajen ƙuna muna kallo. Gwaggo ta dubi hannun kamar na wata ne aka miƙo mata.

"Ikon Allah," ta ce. "Ni kau ɗumi ma ban ji ba."

Har gobe ina nan a kan bakana cewa ba haka ake yi wa uwar miji ba. Amma bayan 'yata ne ruwan nan zai sauka a kai. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai: dole na gode mata, kuma na gode, da baki mai nauyi.

Taubashina ya matsa sai an je babban asibiti a Sakkwato. Muka tafi mu huɗu. Likitan matashi ne mai fara'a, ya sa Gwaggo ta rufe ido, ya shafa mata auduga a bayan hannu. Ta ce ta ji. Ya soka mata tsinin allura a wurin, ta ce, "An taɓa ni da yatsa." Ya kawo ƙananan kwalabe biyu, ɗaya da ruwan zafi ɗaya da na ƙanƙara, ya riƙa ɗora mata su bi da bi a hannuwa da kafaɗu. Ta ce duk kwalba ce. Da ya kai allurar ga ƙafarta kuwa sai ta zabura ta buɗe ido.

"Kai yaro, kashe ni za ka yi?"

Bayan an ɗauki hoton cikin wuyanta da na'ura, ya zaunar da mu ya yi bayani, kuma na riƙe shi tsaf don ina so in fi 'yar Taloka ganewa. Ya ce fatar mutum tana da 'yan aike iri-iri: masu kai labarin taɓawa daban, masu kai labarin zafi da sanyi daban, masu kai labarin ciwo daban. Dukansu cikin laka suke shiga, wannan farar igiyar da ke cikin ƙashin baya. Labarin taɓawa yana iya miƙewa sama ta gefensa har ƙwaƙwalwa. Amma labarin ciwo da na zafi da sanyi, da sun shiga laka tsayawa suke yi, su miƙa saƙon ga wasu ƙwayoyin jijiya da ke zaune a wurin. Waɗannan su ke auna saƙon, su ƙara masa ƙarfi ko su rage, sannan su ƙetare da shi ta tsakiyar laka zuwa ɗaya gefen kafin ya hau sama. Gwaggo kuwa ruwa ne ya taru mata a tsakiyar lakar wuya, daidai maƙetarar. Ya ce kamar a zo fito a gulbin Rima a tarar babu jirgi: wanda hanyarsa ke wannan gaɓa zai isa gida, wanda sai ya ƙetare yana nan tsaye a bakin ruwa. Saƙon ƙafa tun can ƙasa yake ƙetarewa, shi ya sa ƙafarta ke ji.

Ya ce abin ya daɗe yana ci a hankali, ya fara da dama, sai daga baya ya kai hagu, hannun da take auna ruwa da shi. Ba ta sani ba, don ciwon da ke ɗauke jin ciwo ba ya sallama. Gwaggo ta tambaye shi ko murzar da take yi wa yara in sun buge aikin banza ne. Ya yi dariya ya ce a'a, saƙon taɓawa in ya yi yawa yana sa ƙwayoyin nan su rage ƙarfin saƙon ciwo. Ta ce, "To, alhamdu lillahi, ko ɗaya na tsira da shi." Maganar yi mata aiki a wuya kuwa, da ta ji cewa ba zai dawo da abin da ya tafi ba, sai ta ce a bar mata wuyanta yadda Allah ya ba ta.

Baiwar da na ƙone hannuna shekara da shekaru ina kwaikwayo, ashe cuta ce. 'Yar Taloka ce ke ta tambaya a hankali, yaya za a yi da girki, yaya za a gane in ta ji rauni. Likitan ya dube ta ya ce wa Gwaggo, "Ɗiyarki ce? Kin yi sa'a." Na buɗe baki zan gyara masa, sai na ji Gwaggo ta ce, "Ɗiyata ta." Hanyar Sakkwato zuwa Wurno ba ta taɓa yi mini tsawo kamar ranar ba.

Gwaggo ba ta bar sana'a ba. Ta ce ido na nan, kai na nan, hannu kawai za ta ara. Na gyara zama ina jiran kira. Da aka yi haihuwa a unguwa sai na ji ta daga tsakar gida tana cewa, "Ke yarinyar ga, taho ki ji min." Tun daga ranar tare suke fita, tsohuwa a gaba, suruka a baya da ganye a ka. Kunyar surukuta ta bi ruwa. Har na taɓa shiga na tarar suna cin tuwo a kwano ɗaya, 'yar Taloka tana fara taɓa kowace loma kafin Gwaggo ta ɗauka.

Na daure, na daure, ranar nan na kasa. Na same ta ita kaɗai tana tsintar wake.

"Gwaggo, ni ban da hannu?"

"Kina da shi, har biyu."

"To mi ya hana ki kira ni? Ni kika goya ko ita?"

Ta ajiye faifan, ta kamo hannuna ta juya tafin sama, ta bi kantar da babban yatsanta. Taɓawa kam tana ji sarai.

"Uwata, hannun ga ya sha wuta. Abin da za ki ce ɗumi na, ɗiyar mutane ihu za ta yi. Waccan cikin gulbi ta tashi, ko kunu ba ta iya riƙewa sai ta hura."

"Ai ke nika koyi," na ce.

"Wa ya aike ki?" ta ce, ta fashe da dariya har da tari.

Na yi fushi na ɗauke ƙafa daga gidan. Ba ta aiko ba, ba ta yi bikona ba. Wata rana ina tsakiyar gumi sai ga ta ta shigo da sandarta, ta zauna a kan turmi, ta ce in ba ta ruwa. Ta sha, ta kushe shinkafata ta ce ta yi duhu, ta ci ɗumamen da na ajiye wa kaina, ta tashi ta tafi. Haƙurin Gwaggo ke nan, kuma na karɓa, don ban taɓa iya kwana da yawa ban gan ta ba.

A shekarunta na ƙarshe abin ya zo da wani salo. Hannun da ba ya jin wutar gaske sai ya fara jin ta ƙarya. Tana zaune lafiya sai ta ce kafaɗarta na ci kamar an zuba barkono. Likita ya ce ƙwayoyin nan na cikin laka, in saƙo ya daina zuwa musu yadda ya kamata, wani lokaci da kansu suke ta da ƙara. Ni ke zuwa in murza mata kafaɗar, don nan kam hannu mai kanta ya fi amfani, kuma ta faɗa da bakinta. Amma ko ina cikin murzawa, in ƙishirwa ta kama ta, 'yar Taloka take kira ta ji mata shayin.

Ranar da Gwaggo ta cika, tsohuwar unguwa mai wankan gawa ta zo ta ce a haɗa ruwa. Mata suka juya gaba ɗaya suka dubi 'yar Taloka. Ita kuwa ta share ido ta ce, "Yaya ta ka haɗawa. Ita Inna ta goya." Ban yi kawaici ba, ban ce a'a ke dai ba. Na miƙe na ɗauki baho kafin wata ta sake magana.

"A yi shi da sauƙi," in ji tsohuwar. "Mamaci shina jin abin da mai rai ka ji."

Na ce a raina, wataƙila yau ne Gwaggo za ta sake jin ruwa a hannunta bayan shekaru, kuma ruwan da na haɗa ne. Na juye na zafi, na sirka, na zura hannu, na ƙara na sanyi, na sake zurawa har gwiwa. Na ji shi lafiya lau, ɗumi mai daɗi. 'Yar Taloka ta kama mini ɗaya gefen bahon muka shiga da shi ɗaki. Muna saukewa ruwan ya taɓa mata yatsu, na ga ta naɗe su cikin tafi, fuskarta ba ta nuna komai ba.

Na juya zan ɗauko garin magarya a kan taga. A bayana na ji ƙarar ruwa siririya, irin ta wanda ke zubawa a jikin baho don kada a ji. Da na waigo ƙwaryar randa tana ajiye a jiƙe, ita kuma tana can tana ninke zane kamar tun ɗazu take wurin. Tsohuwar ta shigo ta tsoma hannu, ta gyaɗa kai.

"Madalla. Wadda ta haɗa ruwan ga ta san aiki. Riƙo bai faɗi banza ba."

"Ai Yaya ta," in ji 'yar Taloka.

Da ruwan muka wanke Gwaggo, ni na riƙe mata hannun hagu. Allah ya gafarta mata, ya yafe mata son a yi mamakinta, ya sanyaya makwancinta kamar yadda ta rufa wa matan mutane asiri. Yabo ɗaya ke nan da na samu a duk zaman makokin, har aka fita da shi waje ana maimaitawa, na kuwa karɓa ban musa ba. 'Yar Taloka ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ko da ido. Da ma ta faɗa, da na samu abin riƙe ta da shi.